Fuskar Baba Idi a Jikin Kaset

Muna tsaye a wani shagon kaset a kasuwar Balad, can ƙasa mai tsarki, a shekarun saba'in, sai na ga Baba Idi ya ƙura wa wani kaset ido.

Shi ne mai gangarmu, ni mai jita. Ƙungiyarmu ta daɗe tana wasa a bukukuwan unguwar Sa'alaba, amma ranar ne kaset ɗinmu na farko ya fito, da hotonmu mu biyar a jiki.

Ya ja ni gefe ya ce, "Haruna, ka manta ba ni da iƙama, takardar izinin zama? Tun da na zo hajji nake kauce wa 'yan sanda, yau kun baje fuskata a kasuwa."

Ni ne kuwa na kai hoton aka buga. Na ce, "Halas, shi ke nan, Baba, za mu cire."

Kwana uku muna bin shaguna da almakashi, muna yanke fuskarsa. Waɗanda aka riga aka saya kuwa, babu yadda muka iya.

Ba a kama shi ba, amma ya yi wata biyu bai leƙa titi ba. Har ya rasu bai yarda ya saurari kaset ɗin ba.

Kun taɓa cutar da mutum kuna zaton karrama shi kuke yi?