Ranar da Aka Kawo wa Baba Wankin Mota

Ko da zan tsufa in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta wata Asabar ta damina da na jawo wa mahaifina mota har bakin soro, alhali shi duk rayuwarsa hula yake wankewa.

A Koki gidanmu yake, can cikin wani lungu da idan mai kura ya shigo da jarkokin ruwa sai masu tafiya sun raɓe jikin bango. A soron gidan Baba yake sana'arsa, wadda ya gada wajen nasa uban. Ya jiƙa hula, ya goge ta da sabulu da buroshi, ya sa mata sitati, ya kifa ta a kan gungumen itace ta bushe, sannan ya bubbuga ta har ta ɗauki sheƙi. Duk wanda ya taɓa kawo masa ƙube ko damanga ya san hannunsa. Matsalar ita ce waɗanda suka san shi suna ta tsufa, wasu sun rasu, 'ya'yansu kuma sun tashi sun koma sababbin unguwanni bayan gari. Gumaguman da a da ba ka ganin kansu saboda huluna, sai ga rabinsu tsirara a rana.

Ni kuwa lokacin na gama makarantar koyon malanta, ina zaune a gida ina jiran aiki, kaina cike da dabaru. Wata ƙawata mai sayar da turaren wuta ta nuna mini yadda ta saka shagonta a taswirar waya, wadda idan mutum ya nemi abu a intanet take nuna masa wurin da ya fi kusa da shi. Na ce ai shi ke nan, na samo maganin matsalar Baba. Da na yi masa bayani, ko ɗagowa bai yi daga hular da yake gogewa ba.

"Yanzu ke nufinki mutum yana kwance a ɗakinsa waya za ta gaya masa ina nan?"

"Har hanya za ta nuna masa, Baba."

"To, Allah Ya sa albarka. Kada dai ki saka hotona."

Na zauna na cike komai, da lambar wayarsa da lokacin buɗewa. Da na zo wurin da ake zaɓar irin sana'a, na duba sama na duba ƙasa, babu wankin hula. Sai na rubuta kalmar wanki da Turanci, jeri ya fito, na danna na farko ina sauri don Inna, mahaifiyata, tana ƙwala mini kira in zo in sauke tukunya. Ban karanta ba. Har yau idan na tuna yadda na shiga ɗaki ina taƙama, ina ce wa Inna na shigar da Baba duniya, sai kunya da dariya su kama ni lokaci guda.

Mako uku shiru. Har Baba ya fara tsokanata, idan na kawo masa abinci ya ce, "Ina baƙin namu na cikin waya?"

Ranar Asabar ɗin da hantsi, an kwana ana ruwa, ina share ƙofar shiga tsakar gida sai wayarsa ta yi ƙara. Da yake hannunsa duk kumfa ne, ya kira ni na danna masa, na sa murya a fili. Wani mutum ne mai kauri a murya, ya yi sallama ya ce, "Wurin wanki ne?"

"Nan ne," in ji Baba.

"A waya na gan ku, ku ne mafi kusa da masaukina. Baƙo ne ni, jiya na shigo gari. Tawa ce ta yi kaca-kaca, ruwa ya dake mu a hanya, duk laka. Kuma da ita zan je ɗaurin aure ƙarfe biyu."

Baba ya dube ni, idonsa ya yi waje. Ni kuwa na toshe baki ina tsalle a wuri ɗaya, tsintsiya a hannu.

"Wace kala ce, Alhaji?"

"Fara ce."

"Kai, fara da laka. To kawo ta da wuri, in Allah Ya ba mu rana za ta bushe."

"Ciki da waje kuke yi?"

"Ai mu juya ta muke yi, mu fara da cikin."

"Juyawa? Lallai kuna da manyan injina."

"Babu inji, Alhaji, hannu ne. In ta sha iska kuma mu bubbuga ta."

"A'a, Malam, ban da bugu! Sabuwa ce."

"Sabuwa ma ana bugawa, amma yadda kake so."

Yana kashe wayar na ruga cikin gida da gudu ina ihu, har na yi fatali da buta. Inna ta fito tana salati, ta zaci wani abu ne ya cije ni. Na rungume ta ina cewa ya yi aiki, ya yi aiki! Na kira ƙawata na gaya mata, na kira yayata da ke aure a Ƙofar Mata. Baba kuwa, mutumin da ya ce bai yarda da waya ba, sai ga shi ya sauya riga, ya kakkaɓe tabarma, ya zaɓo gungume mafi santsi ya ajiye gefe.

Ba a yi rabin awa ba muka ji hayaniya daga bakin lungu. Ana ta "Tsaya! Tsaya! Ina za ka?" Sai ƙarar ƙarfe yana gogar bango. Na ja mayafi na leƙa. Wata ƙatuwar farar mota ce, laka har gilashi, ta cusa kai cikin lungunmu ta cika shi bango da bango. Ƙafarta ɗaya ta gaba ta faɗa kwata. Daga cikinta kuma muryar wata mata a waya tana ta maimaita cewa an iso.

Na ciro wayata na buɗe shafin da na yi wa Baba, na karanta abin da ke rubuce ƙarƙashin sunansa, a karo na farko. Wurin wankin mota.

Ƙofa ba ta buɗuwa, don haka Alhajin ta taga ya zuro kai, dattijo mai furfura, fuskarsa a murtuke. Yana zuro kan, hularsa ta zame ta faɗa cikin kwatar nan.

"Ina mai wurin wankin?"

Baba ya matso da buroshinsa a hannu. "Ga ni, Alhaji. Ina hular?"

"Wace hula? Mota na kawo!"

Dattawan majalisar bakin masallaci da suka biyo motar suka dubi Baba, suka dubi motar. Wani maƙwabcinmu tela shi ya fara, dariya ta ƙwace masa har ya durƙusa yana riƙe ciki. Daga nan lungu ya ɗauka. Matan maƙwabta suna leƙowa ta saman katanga suna tambayar me ya faru, ana gaya musu su ma su kwashe. Mutum biyu ne kawai ba sa dariya, Alhajin da Baba. Alhaji yana faɗa, yana cewa an yaudare shi, shi ne waliyyin ango, ga mota a kwata, ga hula a kwata, kuma sai ya rubuta wa duniya cewa wurin nan na 'yan damfara ne. Na ga fuskar Baba ta sauya da jin kalmar nan. Mutumin da bai taɓa ɓatar da hular kowa ba.

Da na so, zan iya komawa ciki in yi shiru, a ɗora wa waya laifi. Amma sai na fito, na durƙusa daidai tagar motar na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, mahaifina bai san komai ba. Ni na rubuta, ni na yi kuskure." Na miƙa masa wayar ya gani.

Ya karanta, ya dubi gumaguman da ke jere a rana, ya dubi Baba. Can ya ce, "Wato da ka ce za ka juya ta ka bubbuga ta..."

"Hula nake nufi, Alhaji."

Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya kifa kai a sitiyari yana dariya har hon ya yi ƙara, aka sake ɓarkewa.

Baba ya ce tunda baƙo ya zo ƙofarsa da sunan wanki, ba zai koma da datti ba. Maza suka taru aka ciccibi gaban motar da kabbara aka fitar da ita daga kwata, aka tura ta baya-baya har bakin titi, tela yana gaba yana ba da hannu kamar ɗan sanda. Aka tsayar da mai kura aka sauke jarkokinsa. Baba ya fito da sabulunsa da tsummoki, dattawa suka naɗe hannun riga. Ni ina jigilar bokiti, ina dariya ina share hawaye, ban ma san wanne nake yi ba. Ladanin masallacinmu shi ya wanke tayoyi da buroshin hula. Gogar da bango ya yi mata ba ta fita ba, amma Alhaji ya ce a bar masa ita, shaida ce idan ya koma gida ya ba da labari aka ƙaryata shi.

Saura hula. Baba ya tsamo ta, ya juya ta a hannu, ya ce wannan aikin hannu ne mai kyau, ba za ta yi wankin gaggawa ba. Hulunan da ke soro kuwa amanar mutane ne, ba ya ba da aronsu. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko tasa ta zuwa Juma'a ya ɗora wa Alhajin a ka. Ta ɗan yi masa yawa, aka cusa takarda a ciki.

Ranar Litinin Alhajin ya dawo, a ƙafa wannan karon. Da ya karɓi hularsa ya daɗe yana jujjuya ta, ya ce ko ranar da ya saye ta ba ta yi wannan kyan ba. Ya zo da wasu guda shida na 'yan uwansa a leda. A nan soron ya zauna ya rubuta yabo a shafin Baba, ya ƙare da gargaɗin cewa kada kowa ya zo da mota.

Ni kuma tun ranar Asabar ɗin na gyara shafin. Na sauya sana'ar zuwa wankin tufafi, na rubuta da Hausa, yadda mai nema zai rubuta, cewa wankin hula ake yi a nan. Na ɗauki hotunan huluna a kan gungume, na ƙara da bayanin inda za a ajiye abin hawa a tako. Ba a yi cincirindo ba, amma a hankali baƙin fuska suka fara sallama, yawancinsu ma'aikata daga bayan gari da ba su taɓa shigowa Koki ba. Kafin babbar salla sai da Baba ya sa aka sassaƙo masa ƙarin gungume.

Yanzu ina koyarwa, kuma mata masu ƙananan sana'o'i a unguwa sukan kawo mini wayoyinsu in saka su a taswira. Ba na danna komai sai na karanta da ƙarfi, mai sana'ar ta ji da kunnenta ta ce haka ne. Waccan Asabar ɗin ce ta koya mini cewa abin da ka rubuta da sunan wani, shi mutane za su zo su tuhuma a kai, kai kana bayan ƙofa. Idan kuwa ka riga ka kwafsa, ka fito da ƙafarka ka ce ni ne, tun fushin bai sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba.