Ranar da Ƙawata Ta Ce Ba Ta Ga Bambanci Ba

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zubar da duk abin da ta ɗauka, akwai abu guda da na san zai maƙale mata, kamar yadda ƙanzo ke maƙale wa tukunya.

A shekarar da na gama kwalejin horon malamai ne yayana da ke aiki a Katsina ya kawo mana sabuwar talabijin gidanmu na Kankia, irin shafaffiyar nan da ake kafawa a bango. Da aka kunna ta, wani tsuntsu aka nuno a kan reshe bayan ruwan sama. Na ga ɗigon ruwa yana rawa a bakin gashinsa kafin ya faɗi. Sai na ji kamar an wanke mini idanu. Ni kuwa tun ina ƙarama, in na ga abu mai kyau ba na samun natsuwa sai na nuna wa wani.

Don haka na gayyato ƙawayena biyu. Ɗaya maƙwabciyarmu ce, mai baki kamar reza. Ɗayar 'yar Kusada ce, mai sanyin hali, wadda gadonta ke saman nawa a makaranta. Na kawo musu zoɓo, na kamo tashar da ke nuna Masallacin Harami kai tsaye.

"To, ya kuka gani?"

Maƙwabciyarmu ta taɓe baki. "Mi za mu gani? Tamu mai ƙusumbi ma haka take nunawa."

"Ke ai ko jirgin sama aka nuna miki, cewa za ki yi shirwa ce," na ce, muka yi dariya. Na san tsokana ce, don ko ƙiftawa ba ta yi.

Na juya ga 'yar Kusada. "Ke fa, ƙawas?"

Ba ta dube ni ba. "Ni ban ga bambanci ba," ta ce. Ta ja mayafinta, wai kada motar garinsu ta tashi. Ko zoɓon ba ta taɓa ba.

Wannan ya soke ni. Wadda muka sha garin kwaki a kwano ɗaya, yau talabijin za ta sa ta yi mini hassada? Na ƙudurta ba zan sake nemanta ba, ita ma ba ta neme ni ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai na ji sallamarta a tsakar gida. Ni kaɗai ce a ɗaki. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Dan Allah kamo mini wurin nan."

Ta zauna a ƙasa dab da bango. Aka matso da hoton kan masu ɗawafi. Ga rubutun zinariya a jikin baƙin ƙyallen Ka'aba, ana ganin zarensa ɗaya bayan ɗaya. Ga wani dattijo, gumi na bin tamojin goshinsa, leɓɓansa na motsi. Inuwar tantabara ta gifta kan farin dutse.

"A tamu ta gida, mutanen nan kamar gero ne aka watsa a faifai," ta ce a hankali. "Ban taɓa sanin suna da fuska ba."

Ta nisa. "Baba can ya rasu, kin sani."

Na sani. Tana firamare mahaifinta ya tafi aikin Hajji, aka binne shi a can. Amma ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba.

"Rannan wani tsoho ya wuce, tafiyarsa sak ta Baba. Da na buɗe baki na ce ta yi kyau, kuka zan ɓarke da shi gaban waccan sarkin surutu." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. "Ashe nan ya taka. Dubi dutsen, har sheƙi yake."

Ta miƙa hannu, ta tsaya kafin yatsunta su taɓa gilashin. Ni launi nake ta kallo duk kwanakin nan, ita kuwa gurbin sawun mahaifinta take nema. Na matsa kusa da ita, muka yi ta kallon dubban fuskokin nan suna kewayawa kamar ruwa, har aka kira azahar.

Yau 'ya'yanta Inna suke kirana. Tun daga ranar kuma, in mutum ya ce mini bai ga komai ba, ba na saurin yanke masa hukunci. Wani da gaske bai gani ba, amma wani abin da ya gani ne ya fi ƙarfin bakinsa.