Ranar da Baba Ya Tura Rediyo Cikin Gida

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da rediyo ta zo ƙauyenmu na ƙasar Goronyo ba. Lokacin na gama sakandare, ina so in tafi Sakkwato karatun ungozoma, Baba ya ce ba inda za ni. A ganinsa karatun da na yi ya ishi ɗiya mace. Na yi kuka har na gaji, bai ko dube ni ba.

Baba shi ne shugaban manoman rani na yankinmu. Sai aka aiko cewa daga gidan rediyo za a zo a ji yadda ruwan dam ya taimaki noman albasa. Tun da safe ya saka babbar rigarsa ta Sallah, ya tara dattawa a zaure, aka dama fura, ana jiran mutumin rediyo.

Can sai ga wata mata ta sauka daga kabu-kabu da jaka a kafaɗa. Ta yi sallama, ta buɗe baki za ta yi bayani, Baba ya ɗaga mata hannu. A wurinmu baƙuwa mace ba ta tsayawa zaure, kuma shi ya ɗauka mai allurar yara ce.

"Shiga ciki, ɗiyata, matan suna nan," in ji shi.

Ashe ita ce mutumin rediyon! Ta shigo tana danne dariya, ta fito da rakoda a tsakar gida. Wayyo, ranar mun yi shagali. Goggona ta ja gyale ta rufe fuska, ana gaya mata murya kaɗai ake ɗauka, ta ce ita dai ba ta yarda ba. Ni kuwa cikina har ciwo ya yi don dariya.

Matar ta tambayi Inna mi dam ya kawo ma mata. Inna da ba ta iya ɓoye magana ta ce ya kawo albasa, ya kawo sauro, amma bai kawo mai duba mata ba. Asibitinmu namiji ɗai ke ciki, shi ya sa mata ke haihuwa a ɗaka, wasu a rasa su. Nan dariyar ta ɗauke. Aka tambaye ta mafita, sai ta nuna ni.

"Ga ɗiyata nan tana son karatun. Babanta kau shi ab babban manoma, mutum ne mai hangen nesa. Na san ba ya bari a ce gidanai aka hana."

Su Baba na zaure har fura ta yi tsami. Sai da matar ta fito za ta tafi suka gane, aka ɗauki muryarsa a gurguje yana gumi.

Ranar da za a saka shirin, Baba ya sake tara dattawa, ya ƙure rediyo don a ji shi. Muryar Inna ce ta fara fitowa tar! Muna leƙe ta bayan zana, muna toshe baki. Ana gamawa dattawa suka hau yi masa barka, kowa na cewa Allah shi yi albarka. A kasuwa har mutanen Wurno da Rabah suka riƙa miƙa masa hannu.

Ya shigo gida ya tsaya kan Inna. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke, mi kike jira? Haɗa kayanki."

Na yi tsalle har na zubar da kwandon albasa.

Yau a asibitin nan nake aiki, kuma jikokin dattawan da ke zauren da yawa a hannuna suka faɗo duniya. Abin da na koya shi ne matan cikin gida ba su rasa abin faɗi ba, mai tambayarsu suka rasa. Baba kuwa har ya rasu yana cewa shi ya tura rediyo wurin Inna da gangan.