Ranar da Baba Ya Yanka Ledarsa

Wata Asabar ce a ƙarshen Oktoba, ina 'yar shekara tara, Baba ya tafi da ni wurin aikinsa a unguwar Ma'adi ta Alƙahira saboda Inna tana asibiti tana jinyar ƙanena. Daga unguwarmu Ard al-Liwa muka hau ƙaramar bas, muka sauya zuwa jirgin ƙasa na metro, ina rungume da kwanon ful ɗinmu, wato dafaffen wake. Baba ɗan masunta ne daga Sinnar ta Sudan, amma a Alƙahira aikinsa naɗe jiragen ruwan shaƙatawa na masu hali idan sanyi ya gabato. A fito da jirgi daga kogin Nilu a ɗora shi kan katakai, ya wanke shi, ya jira ya bushe sarai, ya kafa sanduna a tsakiya kamar mai yin rumfa, ya lulluɓe shi da farar leda mai kauri, ya ɗaure gindinta da igiya. Sai ya kunna abin hura wuta mai tukunyar gas, yana bin ledar daga ƙasa zuwa sama, tana tsukewa tana ɗamewa, har in ka ƙwanƙwasa ta amsa kamar ganga.

A bayan ɗakin ajiya na tsinci 'ya'yan kyanwa uku, idanunsu bai gama buɗewa ba. Maigadi ya ce da la'asar zai watsa su kogi. Na naɗe su a mayafina, na ɓoye su ƙarƙashin kujerar wani shuɗin jirgi, na tafi wasan 'yar gala-gala da 'yar mai shayi. Da na dawo, shuɗin jirgin ne a ƙarƙashin leda, Baba yana ɗaure igiya. Na buɗe baki, tsoro ya hana ni magana. Ina tsaye ya kunna wuta, ina tsaye ya zagaye jirgin kaf, sai da ya kashe gas yana share zufa sannan na fashe da kuka na faɗa masa.

Nan take ya zaro wuƙa. Rayyis Hamdi, shugaban ma'aikatan, ya rugo yana ihu: "Ka haukace ne, ya Usman? Gobe mai jirgin zai zo!"

"Ma'alish, yi haƙuri ya rayyis, akwai rai a ciki," in ji Baba, ya tsarge ledar daga sama har ƙasa. Wani huci ya bugo mu. Biyu suna motsi, ɗaya ya riga ya mutu.

Rayyis ya dakatar da Baba mako guda. A metro ina riƙe da kwali, biyun suna kuka a ciki, ya dube ni ya ce, "Hauwa, da kin faɗa tun ina ɗaure igiya, da ukun muka ɗauko." Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma bai taɓa gaya wa Inna dalilin zamansa a gida ba.

Yanzu ina aiki a wani kantin magani a Dokki, Baba ya rasu shekaru shida da suka wuce, filin ajiye jiragen kuma ya zama gidan cin abinci mai gilasai. Nakan ji kaina ina yi wa 'ya'yana tsawa a kan kofin da ya fashe, sai kunya ta kama ni. Har yau ban san da me ya ciyar da mu a wancan makon ba.