Itacen da Ba Shi da Ɓawo

Daddawa nake yi, ita na tarar Innarmu tana yi. Wanda bai taɓa dafa kalwa ba bai san abin da ake kira cin itace ba. Tukunya ce da za ki ɗora tun asuba, ki yi ta tura mata wuta har rana ta faɗi kafin ƙwayar ta yarda ta yi laushi. Shi ya sa na san itace kamar yadda na san 'ya'yana. Marke ba ya ba ki kunya, garwashin ƙirya sai ki wayi gari ki same shi da rai, darbejiya kuwa hayaƙinta ya ishe ki hawaye ko ba a yi miki mutuwa ba.

Kalwata ba ta kasuwa ba ce. Da Baba ya ji jikinsa ya yi nauyi, sai ya tara mu a zauren gidanmu, can wajen Farin Dutse, a gaban liman da ƙannensa. Ya ce gonar bakin rafi ya ba Yaya, amma ɗorawar da ke tsakiyarta tawa ce, ni autarsa. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, ƙasa ta wani, bishiya ta wani, kowa ya san iyakarsa. Aure ya kawo ni Birnin Kudu, amma duk bazara ina komawa da buhuna, a kaɗo min ɗorawa, mu ɓare, mu daka, mu raba gari da kalwa. Da bishiyar nan na yi wa 'yata ta fari kayan ɗaki.

Yaya yana da a-kori-kura, yana kai wa gidajen burodi itace a Kano. Ta ƙofar garinmu yake wucewa, amma ko tsinke bai taɓa jefo min ba. Sai wata rana bayan kaka na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, na leƙa, na ga ana sauke itace gungume-gungume.

"Auta, ga shi nan ki rage zafi," in ji shi. "Na san kina shirin ɗora kalwa."

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru min. Na durƙusa na yi ta sa masa albarka. Sai dai da na duba itacen ban gane shi ba. Fari ne mai ɗan rawaya, ba nauyi, kuma duk an feƙe ɓawonsa tas, ko ɗan ƙyalle ba a bari ba.

"Yaya, wannan wane itace ne?"

"Daga dajin Ningi na ɗauko, ni ma ban san sunansa ba. Masu magani ne suka kwashe ɓawon. Ke dai ki ƙona abinki."

Da shi na hura wuta na tuƙa masa tuwo. Ya ci ya siɗe hannu, ya ce har yanzu miyata irin ta Inna ce. Da zai tafi na ƙulla masa daddawa ya kai wa iyali.

Abin ya tsaya min a rai, a ce ni akwai itacen da ban sani ba. Na shinshina, yana da wani wari-wari mara daɗi. Na kai wa tsohuwar da ke makwabtaka da mu, ta juya shi, ta ce ko gawo ne. Mai faskare ya ce maje ne, da ya sara sai ya janye maganarsa. Maigidana kuwa dariya ya samu, kullum sai ya tambaye ni ko malamar itace ta gano sunan ɗalibinta. Duk cikinmu ba wanda ɗorawa ta zo wa a rai, don ba wanda ya taɓa ganin cikinta. A garuruwanmu ba a saran ɗorawa mai haihuwa. Mun san ɓawonta, mun san ganyenta da jan furenta, amma ba mu taɓa sa ta a murhu ba.

Itacen ba shi da kirki, yana ci kamar kara, ga toka. Haka na yi ta tura shi ina mita, har na iso kan wani gungume mai ƙulli da ya gagari gatari. Na tura shi gaba ɗaya ƙarƙashin tukunya. Washegari ina kwashe toka sai hannuna ya taɓa ƙarfe. Na jawo, na karkaɗe. Sarƙar keke ce, an ɗaure bakinta da waya.

Zama na yi daɓas a gindin murhu. Na san sarƙar nan. Baba ne ya ɗaura ta a jikin ɗorawata, a inda reshe ya rabu, yana rataye goran ruwansa da rediyo in ya zo noma. Muna gani bishiyar ta yi ta haɗiye ta shekara da shekaru, har ya rage 'yar wutsiya kawai a waje, daga baya ita ma ta ɓace. Na dubi tukunyar. Kalwar bana na dafa, kuma da uwarta na dafa ta.

Ban ko karya kumallo ba na hau motar Gwaram, na sauka a Farin Dutse. Tun daga bakin rafi na ga sarari inda inuwa take. Kututture ne kawai, shi ma an cinna masa wuta don kada ya toho. Na samu Yaya a zaure, na ajiye sarƙar a gabansa.

Bai ko sunkuyar da kai ba. "Riɗi zan shuka, inuwar tana kashe min gona, tarakta ma ba ta iya juyawa. Da na tambaye ki ai ba za ki yarda ba."

"To ai shi ya sa ake tambaya, Yaya."

"Gonata ce fa. Kuma ai na kai miki rabonki har gida."

Maganar nan ta fi saran ciwo. Da ya sare ya ɓoye, da na ce kunya ya ji. Amma ya zauna ya sa aka feƙe ɓawon don kada in gane, ya tsaya ina durƙusa ina gode masa, ya ci tuwon da na tuƙa da wutar. Ƙannen Baba suka ce a yi haƙuri, zumunci ya fi bishiya. Na ce to. Ba su ne za su je kasuwa su tsaya ana auna musu kalwa kamar baƙi ba.

Da bazara ta zagayo, matar Yaya ta aiko da kwano a motar kasuwa, kamar yadda ta saba duk shekara, wai a sam musu daddawar miya. Na wanke kwanon, na sa sarƙar Baba a ciki, na rufe da faifai, na ce wa direba ya kai musu rabonsu.