Madam da Zaman Makokin Gidan Goggo

Ni na kawo Madam gidan Goggo, don haka duk abin da ya biyo baya a kaina ya ƙare. Ba'amurkiya ce, ta ba hamsin baya, doguwa, da furfura a gaban goshi. An turo ta makarantar da nake koyarwa a unguwar Maamobi ta yi shekara guda tana koya wa yara karatun Turanci. Masu makarantar sun kama mata ɗaki a unguwar Kanda, gida mai katanga da maigadi, amma wata biyu kawai ta yi ta ce ta gaji da jin motsin kanta, tana so ta zauna cikin mutane. Ni kuma da bakina ba ya shawara da ni, na ce ai akwai ɗaki a gidan yayar babana a unguwarmu Nima.

Goggo ba ta so ba. Gidan gado ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, kuma tun da kakanmu ya gina shi da ribar goro ba a taɓa sa wanda ba a san asalinsa ba. Cikin 'yan haya akwai Bazabarme, akwai Kotokoli, akwai Mosi, amma kowannensu Goggo ta san uwarsa ko ta san wanda ya san ta. Sai da na yi mako guda ina zarya kafin ta sauko.

"To, ya zo," in ji ta. A bakin Goggo, kamar yawancin mutanen Nima, mace da namiji duk "ya" ne. "Amma in ya yi abin kunya, ke ne kin kawo shi."

Na ce na ji, na ɗauka. A lokacin ban ga wani nauyi a maganar ba.

Gaskiya Madam ta yi ƙoƙari. Ta koyi cewa famfo ba kullum yake zuwa ba, in ya zo kuwa ko shayi ne a hannunka ajiye shi za ka yi ka ɗauko bokiti. Ta koyi bin layin banɗaki da safe ba tare da ta duba agogo ba. Makon farko lasifikar masallacin bayan gida ta hana ta barcin asuba, ta sayo wani abu tana toshe kunne, daga baya ta watsar da shi da kanta. Ta daina miƙa abu da hagu bayan mai koko, wata tsohuwa da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta ƙi karɓar kofi daga hannunta sau uku. Tuwon zafi dai har ta bar ƙasar ba ta iya yankansa ba, mulmula shi take ta yi sai ya huce. Gaisuwa kuwa ta rubuta ta a takarda ta haddace, ta riƙa bi ƙofa ƙofa da safe tana sauke ta tun daga lafiya har zuwa gajiya, ko an amsa ko ba a amsa ba. Na kai ta Kasuwar Malam Atta sau biyu, a na uku ta je ita kaɗai ta dawo da albasar da za ta ishi gidan biki. Matan gida suka yi dariya suka raba.

Abin da ba ta taɓa fasawa ba shi ne yawon Asabar. Tana da wani ɗan littafi da ta jera wuraren da take son gani kafin shekararta ta cika, duk wanda ta je sai ta ja masa layi. Ta hau hasumiyar bakin teku, ta je lambun itatuwa na Aburi, ta je wani wuri da ake tafiya a kan gadar igiya a saman daji. Tun da sassafe za ta fito da jakar goyo da gorar ruwa da takalmin maza, ta tsaya a bakin titi tana jiran motar haya, tiro-tiro. Ni da aka haifa a Nima ban taɓa zuwa ko ɗaya cikin wuraren nan ba, kuma ban ji na rasa komai ba. In ta dawo ta nuna wa Goggo hotuna a waya, Goggo ta riƙe wayar nesa da ido ta ce, "Saa? Haka ne? To wa kika sani a can?" Madam ta ce ba kowa. Goggo ta miƙa mata wayarta.

A wata na biyar da zuwanta Yaya ya rasu. Shi ne babban ɗan Goggo, yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai, ɗakinsa da na matarsa yana kallon na Madam. Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi, ranar Alhamis da hantsi aka dawo da shi daga asibiti a rufe, kafin la'asar an kai shi. Ba zan tsaya bayanin yadda na ji ba. Shi ya riƙa kai ni makaranta ina ƙarama, kuma har yau ban goge lambarsa ba.

Wanda ya san Zongo, unguwannin Musulmi irin tamu, ya san abin da ke biyo baya. Aka kafa rumfa ta tare lungu, maza a waje kan benci, mata a tsakar gida kan tabarma. Goggo tana zaune a ƙofar ɗakinta, mutane suna shigowa suna durƙusawa suna gaisuwa, su sami wuri su zauna. Ba a son ka zo da dogon jawabi, ba a ma son ka zo da komai. Ka zo, a ga fuskarka, ka zauna gwargwadon abin da za ka iya. 'Yan kasuwar su Yaya sun rufe shaguna sun zo, Kiristocin cikinsu ma sun zo, har da wata mata 'yar ƙabilar Ga da suka shekara biyu ba sa magana da Goggo saboda kwata.

Ni ina wajen murhu tun daga ranar, ni da matan dangi, muna fama da manyan tukwane. Ban tuna da Madam ba sam. Sai daga baya aka ba ni labari cewa ranar Alhamis ta dawo daga makaranta, ta ga taro, ta tambaya aka gaya mata, ta dafe ƙirji, sannan ta raɓa ta bayan mutane ta shige ɗakinta ta rufo ƙofa. Ranar Juma'a ma haka. In za ta banɗaki sai ta bi jikin bango da sanɗa, kanta a ƙasa. Tsakaninta da tabarmar Goggo bai fi taku goma ba.

Asabar ce ranar addu'ar uku. Da gari ya waye mai koko ta fito ta ga wani ƙunshi a ƙofar Goggo, fararen furanni ɗaure da zare, da takarda a maƙale. Ta ja da baya tana salati. Wa zai ajiye abu a ƙofar mai makoki ba sallama, ba a ga fuskarsa ba? Kafin a kira ni har an fara cewa kada kowa ya taɓa, wata ta ce a kira malam. Na zo na buɗe takardar. Rubutun Madam ne. Ta ce tana baƙin ciki ƙwarai, tana tare da su a zuciya, kuma za ta yi tafiyar kwana biyu zuwa Cape Coast kallon wani tsohon gini don iyali su sami sarari.

Na karanta a fili, na fassara. Sarari! Gidan da ake neman ƙarin tabarma. Ashe masu kafa kujeru sun gan ta ta fita da jakar goyonta da gorar ruwanta, ta ratsa ta ƙarƙashin rumfar ta wuce.

Goggo ta bari sai da aka shafa fatiha jama'a suka ragu. Sannan ta kira ni ciki.

"Ɗana ya gyara mishi ƙofa. Ɗana ya kai shi asibiti da mota ran da ciki ya kama shi. Ɗana ya mutu, shi ya tafi yawo." Ba ta ɗaga murya ba. "Ba na fushi koraa, ko kaɗan. Amma ƙarshen wata ya nemi wuri. Ke ma na ga irin mutanen da kike sani."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi cin raina. Na ji kunya, na ji haushi, kuma na san kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A dangi an riga an fara cewa boko ya sa ba na bambance mutum da hoto.

Madam ta dawo Lahadi da yamma, ban je ba. Ranar Litinin da aka fita tara na same ta a aji tana gyara littattafan yara. Ban gaishe ta ba. Na zazzage mata duk abin da ke cikina da Turancin da ban san ina da shi ba. Na ce mata a wurinmu zumunta a ƙafa take, takarda ba ta gaisuwa. Na ce wadda suke gaba da Goggo ta zo ta zauna, ke da kike cin tuwonta kin tafi kallon tsohon gini. Na gaya mata maganar ƙarshen wata.

Ta ajiye jan biron da ke hannunta. Sannan ta ce ita ta ɗauka abin da ta yi shi ne mafi kyawun abin da za ta iya yi musu. Ta ce shekara shida da suka wuce mijinta ya rasu. Da aka dawo daga jana'iza ta shiga gida ta kulle, ta yi mako biyu ba ta ga kowa ba. Maƙwabta suna zuwa su ajiye abinci da furanni da takarda a ƙofa su tafi, ba sa ko ƙwanƙwasawa. Ta ce ta gode musu har yau, don sun bar ta da abin da ya dame ta. Da ta ga ɗakin Goggo cike da dangi, sai ta ga ita bare ce, shigarta zai zama ƙarin nauyi.

Haushina bai tafi ba, amma na rasa inda zan ajiye shi. Kuma na san da na bar tukunya na minti biyu ranar Alhamis na ja hannunta, da duk wannan bai faru ba. Wannan ban gaya mata ba.

Da muka tashi na kai ta wurin Goggo. Na ara mata mayafi, na ce ta durƙusa, ta durƙusa da ƙyar. Ta ba da haƙuri, ina fassarawa. Goggo tana jan carbi, idonta a bango. Da na ga ba ta da niyyar tankawa sai na ƙara da labarin mijin, ko da yake Madam ba ta ce in faɗa ba.

Carbin ya tsaya.

"Sati biyu?" in ji Goggo. "Shi ɗaya cikin gida?"

Na ce e.

"Uwa fa? 'Yan'uwa fa? Mutanen coci?"

Na tambaya. Madam ta ce sun zo jana'iza, sun koma, suna bugo waya.

"Ba wanda ya zauna?"

"Babu, Goggo."

Goggo ta dubi Madam tun daga sama har ƙasa, ta ce Allah ya kyauta, ta ce mu je. Muka fito ban san matsayinmu ba. Madam ta ce za ta fara tambayar ko ɗakin Kanda yana nan.

Washegari bayan la'asar ina ɗakin Madam ina taya ta duba jarrabawa, sai muka ji sallama. Goggo ce, tana dafe da bango saboda gwiwa, bayanta mai koko, da matar Bazabarme, da sauran matan gidan, kowacce da mayafinta. Matar Yaya ce kaɗai ba ta fito ba saboda takaba. Madam ta miƙe tana neman kujeru, ba wadda ta kula ta. Suka zauna a ƙasa suka cika ɗakin har bakin ƙofa.

Goggo ce ta fara. "Ya haƙuri?" ta ce. "Mun ji abin da ya same ki. Ba mu ji da wuri ba. Allah ya ba ki haƙuri."

Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kalmarta, wata da Hausa, wata da yaren Twi. Madam ta dube ni, ta ce da ni a hankali me ake yi. Na ce gaisuwar mijinki suka zo. Ta ce ai shekara shida ke nan. Na ce sun sani. Ta ce to me za ta yi. Na ce ba komai, ki zauna.

Ta zauna a bakin gado, sannan ta zame ta sauko ƙasa. Can sai kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe fuska da tafin hannu. Ba wadda ta rarrashe ta, ba wadda ta tashi. Mai koko ta ciro goro ta fasa ta miƙa wa ta kusa da ita. Haka muka zauna har aka kira magariba.

Na riƙe Goggo na raka ta ɗakinta. A tsakar gida ta ce in gaya wa Madam gobe ne addu'ar bakwai, ta fito da wuri, akwai yankan albasa. Na ga fuska, sai na ce, "Goggo, maganar ɗakin fa?"

Ta tsaya tana mai da numfashi.

"Mutum da ba shi da kowa," ta ce, "ina za shi?"