Dorinar da Matata Ta Gani

A gidanmu na Ƙofar Sauri ni ne mai labarin namun daji. Na yi yarinta a wajen kawuna, a wani ƙauye bayan Batagarawa, ina bin shanu, kuma na taɓa ganin kura da idona, sau ɗaya tak, tana ƙetare kwazazzabo da sanyin safiya. Da wannan kura ɗaya na riƙe 'ya'yana huɗu shekara da shekaru. In an idar da magariba sukan kewaye ni a kan tabarma, in ba su labarin, in ƙara masa gishiri kaɗan. Uwarsu tana daga bakin murhu tana jinmu.

Ita ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti cikin gari. Wata shekara aka tura ta kwas na sati biyu, ita da wasu abokan aikinta mata, a wani gari da ke bakin kogin Binuwai. Ni na amince, ni na kai ta tasha, har ina yi mata nasiha kan ruwan sha da sauro, kamar wanda ya san wajen. Alhali iyakata Kaduna.

Ranar da ta dawo, tun kafin ta cire mayafi yara suka rufe ta. Ta zo da busasshen kifi da doya, amma ba tsarabar ce ta ɗauke musu hankali ba. Ashe ranar ƙarshe masu kwas ɗin sun ɗauki hayar jirgi mai inji, suka shiga da su kogi kallon dabbobi. Ta fito da waya ta nuna musu hotuna. Na leƙa ta saman kawunan yara. Ga ruwa ja, a shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ga ta zaune a tsakiyar jirgi, an ɗaura mata wata riga mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, iska na kaɗa mata hijabi, tana dariya irin wadda na daɗe ban ga ta yi a gidana ba.

Ta ce sun ga kadoji uku kwance a kan yashi, bakinsu a wangame. Sun ga zalɓe, sun ga birai suna rige-rige a kan itatuwan gaɓa. Sai wani tsohon masunci da ke tuƙa su ya kashe inji, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Can sai ga kunnuwa biyu ƙanana sun ɓullo, sannan idanu, sannan kai kamar turmi. Dorina ce da ɗanta. Ta fesar da ruwa ta hanci, ta yi wani gurnani da matata ta ce ta ji shi har cikin katakon da take zaune a kai.

"Ai wannan dutse ne," in ji ni, da aka zo wajen hoton dorinar.

"Dutse mai kunne, Malam?" ta ce. Yara suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta wuce leɓe ba.

Tun daga ranar tabarmata ta koma tata. Kowace magariba sai dorina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohon nan. "Baba mai jirgi ya ce dorina ba ta cin kifi, ciyawa take fitowa ci." "Baba mai jirgi ya ce in tana da ɗa, ba a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi." Mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ta ce haƙoransa ma ba su cika ba, ya zama malamin gidana. Na fara neman abin kushewa. Na ce kifin ya yi ƙauri. Na ce mace mai 'ya'ya huɗu ba ta da dalilin hawa ruwa, kuma ban ba ta izinin wannan ba, na kwas na ba ta. Ta ce in yi haƙuri, ta daina ba da labarin in ina gida. Hakan ma bai sanyaya mini ba, don ina shigowa zaure nakan ji muryoyinsu sun ɗauke.

Abin da na yi bayan nan shi ne wanda har yau nake jin nauyinsa. Wata la'asar muna zaune a majalisarmu ta ƙofar shagon wani abokina tela, hira ta kai ga namun ruwa. Ban san lokacin da na ce, "Ai dorina ba ta cin kifi," ba. Aka juyo gare ni. Sai na ba da labarin duka, kashe injin, kunnuwan, gurnanin da ake ji cikin katako. Da na ce "muka ga", ban gyara ba. Wani Alhaji ya tambaye ni yaushe na je, na ce an kwana biyu. Rabon da a saurare ni haka na manta.

Ban yi lissafin cewa matar telan a wajen matata take awon ciki ba.

Kwana huɗu bayan haka na dawo daga ofis, ta kawo mini abinci, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince shinkafa. Yara suna Islamiyya.

"Malam, ashe tare muka je," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na ajiye cokali.

"Ba faɗa na zo yi ba. Amma tun da za ka riƙa bayarwa, akwai inda ban faɗa wa yara ba." Ta ce lokacin da dorinar ta nutse, babu wanda ya san inda za ta ɓullo. Tsohon ya ja igiyar inji sau biyu bai tashi ba. Ita kuwa ta runtse ido tana salati, tana tunanin wa zai yi wa autarmu kitso in ba ta koma ba. Hoton dariyar nan tun kafin su bar gaɓa aka ɗauka. Da suka zo sauka ma, sai da wata ta riƙe ta.

"Mi ya hana ki gaya mini?" na ce.

"Ka tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Tun dawowarta ban yi mata tambaya ko ɗaya a kan tafiyar ba. A ranar nan na yi ta tambayarta, tana amsa mini har aka kira magariba. Abin mamaki, jin tsoron nata bai rage mini kishi ba. Har tsoron na so a ce nawa ne.

Washegari na koma majalisa na ce ba ni na je ba, iyalina ce. Telan ya ce dama ya sani, ya ci gaba da taka kekensa. Kusan wata guda suna kirana sarkin ruwa, na haƙura.

Yanzu ta koma ba da labarinta a gabana. In baƙi sun zo ta fara, nakan ji kishin nan ya taso mini, kamar ranar farko. Sai dai ba na tashi. Wani lokaci takan tsallake biran, ni nake tuna mata.